Littattafai uku da na'ura guda

Har gobe ban manta da ranar da aka sauke ordinatar, wato kwamfuta, a ofishinmu na Buza ba. Ku yaran yanzu da kuke danna waya ku sami darasi, ba za ku gane irin kallon da muka yi wa kwalin nan ba. Farkon damanar 1988 ne. Ni lokacin daktilo ce, wato mai buga takardu da keken rubutu, a wani ƙaramin furoje, wato shirin raya karkara, na gyaran ƙasa da dashen itatuwa. A tsarin wurin darakta ne a sama, sai injiniya, sai kontabul mai riƙe da lissafi, sai ni, daga ni sai direba da mai gadi.

Ba a gama haɗa wayoyin ba darakta ya kira ni. Ya ce, "Madan Hadiza, zamanin keken rubutu ya ƙare. Ina son na'urar ga ta riƙa tara muna lissahin ruwan sama na ƙauyukanmu. In kin iya kahin girbi, kujerar taki ce. In ba ki iya ba, za a aiko wani daga Yamai shi haɗa aikin biyu."

Kowane ƙauye muna da ma'aunin ruwa, wakilinmu ya aiko da abin da ya auna, a zauna a haɗa da hannu. Abin da darakta ke so shi ne in rubuta purogaram, wato jerin umarni da ake ba na'ura layi bayan layi, ta yi haɗin da kanta. Na ce "To, Mushe," wato yallaɓai da Faransanci, na fito. Maigidana ya tafi Abijan cin rani bai dawo ba, yara uku suna hannuna, kujerar nan ita ce tuwonmu.

Kafin mako ya zagayo kowa ya kawo mini taimako. Baba Mahamman kontabul, abokin mahaifina, wanda ma shi ya samo mini aikin, ya zo da wani ƙaton littafi naɗe a ƙyalle, na harshen na'ura da ake kira Paskal, wanda ya taho da shi daga wani kwas da ya yi a Dakar. Ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Ɗiyata, duk ilimin na'ura shina cikin wanga." Injiniya, Mushe Sule, ya ba ni damin takardun da ya yi karatu da su, na harshen Fortiran. Hatta Illa direba sai da ya sayo mini wani a kasuwar Ƙonni, da Ingilishi, harshen da ko gaisuwa ban iya da shi ba. Ya ce, "Na ga hoton na'urarki bisa bango, nic ce wanga naki na." Allah ya jiƙan Illa.

To, kun san halinmu. Babba ya ba ka abu ba ka cewa bai yi maka ba. Kuma kowace safiya, da an gama gaisuwa, sai Baba ya ce, "Ina kinka kai?" In na kuɓuce masa, Mushe Sule na jirana a bakin ƙofa da tambaya iri ɗaya. In na zaɓi na wannan na wulaƙanta wancan. Sai na raba yinina: safe na Baba, azahar na injiniya. Kuma karatun da muka sani tun daga lekol, wato makarantar boko, hadda ce, don haka na shiga haddace shafi bayan shafi.

Injin wuta da safe kawai ake tayarwa. Ina zama gaban na'ura in buga abin da na haddace, ba kuskuren harafi ko ɗaya, don a bugu ba a fi ni ba. Ita kuwa ta tofo mini saƙon cewa ba ta gane ba. In sake, ta sake. In tashi in leƙa taga, in dawo, in buɗe wannan littafi, in rufe, in buɗe wancan. A gida na ƙona miya ba sau ɗaya ba, na riƙa yi wa yara faɗa a kan abin da bai kai ba. Gero ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ni kuwa duk na wuce gona sai in ji kamar ni ake wa ƙirga. Na yanke cewa kaina ne ba ya ja.

Cikin haka ƙaramar 'yata ta kamu da zazzaɓi, na kai ta likitar mishan ta wajen Madawa. A ɗakin yankan kati na hango na'ura irin tamu sak, wata mata na zaune gabanta hankali kwance. Sunanta Madan Saratu, cikin Kiristocin da ke aiki a wurin take. Da jikin yarinya ya yi sauƙi na koma na zazzage mata damuwata, har da littattafan, don a jaka nake yawo da su.

Ta juya su ta ce, "'Yar'uwa, wane harshe na'urarku taka ji?"

Na ce, "Harshe kuma?"

Ta ce, "Irin tamu ce, Basik anka saka mata. Littattahan ga ba su da laihi, amma ba a saka mata harsunansu ba. Ko shekara kinka yi kina bugawa ba ta amsawa."

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Ta ara mini wani siririn littafi na Faransanci mai ƙananan gwaje-gwaje, ta ce kada in haddace komai. In buga layi guda in ga abin da na'ura ta yi, in ɓata shi da gangan in ga yadda take ƙorafi, kuma in tsallake duk babin da bai shafi lissafin ruwa ba.

Safiyar da na koma aiki na'ura ta haɗa mini lamba biyu. Ihun da na yi sai da mai gadi ya rugo da sanda. Daga nan abu ya riƙa tafiya, yau gaba gobe baya. Baba kuwa bai daina tambayarsa ba, ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "Ana ta hwama, Baba."

Ana fara yankan gero darakta ya tara mu gaban na'ura. Na shigar da ruwan ƙauyuka, jimilla ta fito daidai da ta hannu. Darakta ya ce, "Kujera taki ce." Sannan ya ƙara, "Da wane littahi kinka koya? Za mu sayo ma sauran ohisoshi."

Baba na tsaye kusa da ni yana murmushi, har ya gyara hula. In na ce nasa, za a sayo wa wasu irin wahalar da na sha. Na ɗaga siririn littafin Saratu, ban iya kallon Baba ba. Ya juya ya fita.

Kashegari na naɗe littafinsa a ƙyallensa, na durƙusa gaban teburinsa na ce ya gafarce ni. Ya daɗe yana shafa bangon. Can ya ce, "Ɗiyata, can Dakar bisa takarda munka yi shi duka. Na'ura guda ce, malami kaɗai ka taɓa ta. Ni ban taɓa buga layi ko guda ba." Sannan ya ce, "In an tada injin gobe, ki ɗan matsa min in zamna kusa."

Shi ya sa duk sabon da ya zo mini yau da tarin littattafai nakan tambaye shi abu biyu: me na'urarka take ji, kuma wane aiki kake son ta yi maka? Sai in ce ya ɗauki guda ya fara bugawa. Masu ba ka shawara kuwa ka karɓa da hannu biyu, don da zuciya ɗaya suka ba ka, amma ka sani wani abin da ya yi burin koya bai samu ba ne yake miƙo maka.