Kular Abinci a Shingen Moriki

Kaura Namoda

Kafin kiran assalatu na ɗaure kula biyu a bayan mashin, a ƙofar shagon Maman Bulus, 'yar Filato mai sayar da abinci kusa da tasha. Sana'ata kai abinci ce: mutum ya yi oda a manhajar waya, ni in ɗauka in kai masa. A cikin gari abin ba ya tsinana komai, ka ƙona mai a kan roba ɗaya, a ba ka abin da ko faci ba zai yi ba. Dabarar ita ce haɗa oda. Na tara ta ma'aikata da 'yan kasuwar Shinkafi, na tsayar da ita ranar Alhamis, ranar kasuwarsu. Na ƙara da burodin wani mai shayi, da galan ɗin mai, tunda na can tsada gare shi. A ganina na gama wayo.

Bayan salla na tsaya bakin gari tare da sauran matafiya. Ba mai shiga hanyar nan sai motar farko ta fito daga can ta ba da labari. Wajen ƙarfe bakwai ta iso, direban ya ɗaga hannu ya ce lafiya, muka bi juna.

Moriki

Na wuce Kurya Madaro ba tangarɗa. Dab da Moriki masu tsaron hanya suka tsayar da ni a shinge. Wani matashi mai bindiga ya zagaya mashin, ya taɓa burodi, ya taɓa galan, fuskarsa ta canza.

"Wanga kaya na wa na?"

"Oda ce, yallaɓai. Shinkafi za ni."

"Dafaffen abinci, burodi, mai. Ka san su wa aka kai ma irin wanga?"

Na sani. 'Yan bindigar daji ake kai wa, kuma wanda aka kama da laifin kai musu ba ya kwana gida. Na ciro waya in nuna sunayen masu oda, babu sabis, manhajar sai juyi take. Aka zare makullin mashin, aka ce in zauna a ƙasa. Na ji tsoro ƙwarai.

Babbansu dattijo ne mai furfura. Bai tambaye ni komai ba, ya sa aka buɗe kula, yana bin robobin ɗaya bayan ɗaya. Shinkafa da miya, sakwara, dafa-duka. Ya zo kan wata ta faten wake fari fat, ya lakata ya kai baki, ya yamutsa fuska.

"Wanga ba gishiri, ba mai. Wa ka cin shi?"

"Wata Hajiya ce, Baba, malamar makaranta. Hawan jini gare ta. Kullum haka ake dafa mata."

Ya mayar da murfin da kansa.

"Mutanen daji ba su odar abinci ba gishiri. Ku ba shi makulli nai." Ya juyo kaina. "Samari, juye mai ga tanki, ka bar galan nan. Kada in ƙara ganin ka da burodi da mai wuri guda."

Tankin bai ɗauke rabi ba. Sauran na bar shi, ban ko waiwaya ba.

Shinkafi

Rana ta take na shiga gari, kasuwa ta cika maƙil. Abinci ya huce, masu oda sun ƙosa. Wani ɗan kasuwa ya ce sakwarar ta zama dutse, ya rage mini tauraro a manhaja. Hajiya ta aiko a karɓi tata, ta haɗo ni da ruwan sanyi. Ba ta san aikin da robarta ta yi ba, ni ma ban aika mata ba.

Ba a kama hanya bayan la'asar, don haka na kwana a shagon wani abokina tela, a kan tabarma tsakanin kekuna. Da safe na ɗauki soyayyun zabbi da aka yi oda daga Zurmi.

Zurmi

Kafin azahar na raba zabbin, ciniki ya yi kyau. Ina zaune wurin wani mai shayi sai sabuwar oda ta shigo: burodi mai yawa, madarar gwangwani, lemo, kuɗin kaiwa ninki uku. Babu suna, sai kwatance, gindin wata tsamiya bayan gari. Ban taɓa ganin oda mai tsoka irinta ba. Na karanta wa mai shayin kwatancen.

Ya ci gaba da firfita wuta, bai dube ni ba. "Babu gida wurin nan, ɗan'uwa. Ko gona an daina zuwa."

Na danna ƙi. Ba a jima ba wata lamba ta kira ni. Na sa wayar a aljihu, na biya kuɗin shayi, na bi bayan wasu motoci biyu masu zuwa Kaura. Tana ta ruri a cinyata har muka fita gari.

Gida

Ana kiran la'asar na shigo Kaura, na mayar wa Maman Bulus kulolinta, na wuce gida. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da dattijon da ban san sunansa ba.

Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta yi mini sannu da hanya, na ce lafiya lau. Ina cire takalmi wayar ta sake ɗaukar ruri, lambar ɗazu ce.

"Ba ka ɗauka? Ko ba ciniki ba ne?"

"Ciniki ne, Inna," na ce. "Ba nawa ba ne."