Jan da Inna Ta Shafa

Yayana mai zane ne, amma duk wanda ya tsaya gaban zanensa yana neman mutum ko bishiya ko saniya, sai ya gaji ya nemi wurin zama. Launi ne zalla a kan ƙyalle, wani wuri ya yi kauri, wani wuri ya tsage. Ni kaina, ƙanwarsa kuma malamar makaranta, na daɗe ina gyaɗa kai ba tare da na gane komai ba.

Gidanmu na Gawon Nama gidan majema ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, fatar akuya yake jemewa, Inna kuma ta shafa mata ja da karan dafi, jan karan dawar nan da ake dakawa a jiƙa da kanwa. Inna tana da wata ɗabi'a. In fata ta dawo daga kasuwa an ƙi saye, ba ta yi wa Baba maganarta. Sai ta faki idonsa ta sake rina ta, ta mayar cikin kaya, don kada ya ji kunya.

Lokacin da Yaya ke karatun zane ba shi da halin sayen fenti, sai ya riƙa ɗibar jan Inna. Talauci ne ya zaɓa masa launi, shi da bakinsa yake faɗa. Wata mata mai gidan baje zane a Legas ta ga aikinsa ta kwashe. Daga baya aka sa ɗaya a gwanjo, irin wanda masu hali ke ɗaga hannu suna ƙara farashi har a buga guduma. Sunansa ya fita. Aka rubuta wai ɗan majeman Sakkwato ne mai zana jinin dabba da fatun kakanninsa. Ya karanta mana yana dariya har da hawaye, shi da ko yankan kaza ba ya iya kallo.

Dariyar ba ta daɗe ba. Duk wanda ya aiko, ja yake so. Da jan nan aka yi wa ɗakin Inna rufi, da shi na gama karatu, da shi ya kama gida a Minanata. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

"Na gaji da ja," ya ce mini wata rana. "Ko barci nika yi, ja nika gani."

Sai ya fara zuwa Kalambaina yana ɗebo farin dutse. Ya daka, ya tankaɗe, ya kwaɓa da ƙaro. Damina guda ya yi a kan wani babban zane, fari da toka-toka, ba ɗigon ja ko ɗaya. A lokacin ne na ji Yaya yana waƙa a bakin aiki, muryar kuwa sai haƙuri. Wannan ne zanensa na farko da na tsaya a gabansa na ji numfashina ya sauka.

Matar Legas ta ce kada a kai shi gwanjo. Ya kafe, aka kai. Ko mutum ɗaya bai ɗaga hannu ba. Ta bugo waya ta ce zanen da aka ƙi saye yana ɓata sunan mai shi, in ya sake haka har jajayen ma za su faɗi. Aka dawo da shi, aka jingine a zauren Inna, domin ƙofar gidan Yaya na Minanata ba ta ɗaukarsa.

Ana haka Yaya ya tafi gaisuwar mutuwa ƙauye. Na dawo daga makaranta na tarar da zanen a shimfiɗe a tsakar gida, Inna a durƙushe da tsumma, hannunta ja har gwiwar hannu. Ta riga ta shafe rabinsa da ja.

"Inna! Mi kinka yi?"

"Gyara na," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ba ki ga sun maido mishi ba? Wa ka sayen hwata ba rini? Yaron ga gajiya yay yi, bai ƙarasa ba. Ke dai kar ki hwaɗi mishi ni ta."

Na matsa kusa na duba. Farin ya riga ya sha ja, ba abin da zai fitar da shi. Na tsaya ina kallo har ta kai ƙarshe.

Da Yaya ya dawo ya daɗe a zaure. Ba sai an gaya masa ba, ya san hannun. Ya shiga ya durƙusa gabanta.

"Sannu da aiki, Inna. Allah shi saka da alheri."

Ta kau da kai tana murmushi, irin na uwa mai kunyar ɗan fari. Ni kuwa haushi ya kama ni. Na bi shi waje na ce ya gaya mata gaskiya.

"In ce mata mi?" ya ce. "In ce ta ɓata?"

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo daga baya. Matar Legas ta kira shi ta bidiyo, ta hango zanen a bayansa, ta fasa ihu. Wai bai taɓa yin kamarsa ba, wai farin da ke ƙasa ne ya sa jan yake haske. Ta ce a sake kai shi gwanjo, Inna kuwa tana daga ciki tana ji. Ina zai ce a'a?

Mun kalli gwanjon a waya, a kan tabarma, bayan la'asar. Hannaye suka yi ta tashi. Duk cikin zanensa ba wanda ya taɓa kai inda wannan ya kai. Inna ta yi ta hamdala, maƙwabta suka shigo barka, Yaya yana amsawa da kai. Kafin magariba matar ta sake kira. Irin wannan ake so yanzu, ta ce, fari a ƙasa, ja a sama.

Har yau yana zuwa Kalambaina. Yakan daka dutsensa, ya yi farinsa yadda ransa ke so, wani lokaci har da waƙar nan mara daɗi. In ya bushe sai wayata ta yi ƙara.

"Taho ki gani kahin in ruhe."

Nakan bar duk abin da nake yi in hau babur. Mu tsaya ni da shi a gaban zanen. Ni kaɗai ce nake ganinsu. Can sai ya ce to, ya naɗe hannun riga, ya jawo ƙwaryar jan da Inna ta aiko masa tun da safe.