Diyyar Hannun Na'Allah

Na'Allah baduku ne a Ƙofar Marke, sana'ar da ya gada wurin ubansa. Jaka yake ɗinkawa da takalmi da kuben wuƙa. A shekarun da kuɗin fetur suka cika gari, soja na mulki, ma'aikata na ta sayen babura, kayansa ba sa kwana a rumfa. Har ya fara yi wa matarsa Delu maganar Makka.

Wata ranar kasuwar Illela, suna dawowa da la'asar, 'yan fashi suka tare motarsu. Ya rungume jakarsa, ɗaya daga cikinsu ya kai masa sara da adda. Hannun dama bai fita ba, amma jijiyoyin sun tsinke, yatsun suka ƙandare. Ko basillar ɗinki ba ya iya riƙewa.

An kama mutanen, kotun soja ta yanke hukunci, aka ɗaure su jikin ganguna aka harbe a gaban jama'a. Maƙwabta suka yi ta zuwa yi masa barka, yana amsawa, alhali tukunyar gidan ta fara kwana a kife. Ya sayar da fatun da ya tara, ya bi da wuƙaƙen aiki.

Delu ce ta matsa masa ya je wurin Malam Siddiƙu, wani tsohon masinjan kotu da ke yi wa mutanen unguwa jagora in suna da ƙara. Dattijon bai nemi ko goro ba. Ya goya shi a kekensa suka je gaban alƙali. Alƙali ya dubi hannun, ya ce lallai akwai diyya, amma ba a gabansa aka yi shari'ar ba. Suka shiga wani ofis aka tura su wani. Damina ta zo ta wuce suna zarya. Daga ƙarshe wani akawu ya gaya musu gaskiya, cewa wanda zai biya yana ƙarƙashin ƙasa.

A gindin wata dalbejiya Na'Allah ya zauna ya fashe da kuka. "Malam, mi za ni kai ma ɗiyana yau?"

Malam Siddiƙu ya ce, "Saura hanya guda. In mai laifi ba shi, danginai ka biya. Wanda yas sare ka, uwatai na Gawon Nama."

Suka same ta a wani gida mai dangar kara, tsohuwa ce tana ɓarar gyaɗa. Malam Siddiƙu ya yi sallama ya faɗi abin da ya kawo su. Ta ce a nuna mata hannun. Ta riƙe shi, tana shafa tabon da yatsa.

"Garbana yay yi wanga?"

"Shi na, Inna," in ji Na'Allah.

"Ko gawatai ba su ba ni ba," ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba. Ta miƙe da ƙyar, ta je ta kwanto tunkiyar da ke ɗaure a turke. "Ita ke nan gare ni, ɗana. Ka yahe mai."

Na'Allah ya so ya ce ta bar abinta. Bakinsa ya buɗe, sai ya tuna autarsa Binta da ya baro tana lasar murfin tukunya. Ya sa hannun hagu ya karɓi igiyar. Malam Siddiƙu ya kau da kai. Har suka fita tunkiyar na tirjewa tana waiwayen tsohuwar.

A ranar ya sayar da ita a kara, kasuwar dabbobi, ya auno gero. Geron bai kai ƙarshen wata ba.

Daga baya wani mai hatsi ya ɗauke shi gadin shago, nan ya tsufa. In aike ya bi ta Gawon Nama, sai ya zagaya ta wata hanya, kome nisanta.