Tafiyata da Malam Shiru zuwa Babura

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Talata, ina idar da salla na fito daga gida a Kazaure, ɗauke da kwalin littattafai da wani dogon abu naɗe cikin zanin gado. Abin nan Malam Shiru ne, ƙwarangwal ɗin roba na ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu. Ɗalibai ne suka raɗa masa sunan, wai shi kaɗai ne malamin da bai taɓa yi musu faɗa ba.

Ni malamin kimiyyar halittu ne. Ni da wasu abokan aiki muka kafa zaurukan karatu a Roni da Gwiwa da Babura, inda yara ke aron littafi su karanta, ranar Asabar su taru su yi muhawara. Na Babura ya kama hanyar mutuwa. Malam Isyaku, shugaban makarantar da ya ba mu aron aji, ya aiko cewa in wannan zuwan ma yara ba su taru ba, takin zamani zai jibge a ɗakin. Na ce to, in littafi ya kasa jawo su, bari mu gwada ƙashi.

Roni

Bayan bas cike yake da buhuna, dole na biya kujera biyu na zaunar da Malam Shiru kusa da ni. Wata tsohuwa da ke gefensa ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, mara lafiya ne?"

Na ce, "A'a Iya, kayan aiki ne."

Ba mu yi nisa ba mota ta faɗa rami, hannun kayan aiki ya sulluɓo daga zani ya sauka a cinyarta. Ta ja salati tun ƙarfinta, ta ce direba ya tsaya. Sai da na ƙwanƙwasa mata ƙoƙon kan ta ji ƙarar roba hankalinta ya kwanta. Ta jima tana kallon haƙarƙarinsa, can ta ce, "Allah sarki. To ka rufe shi, akwai sanyi."

Bakwai saura muka shiga Roni. Na karya da koko da ƙosai a bakin tasha, ƙarfe tara aka buɗe zaure. Na yi awa guda cur ina zayyana sunayen ƙasusuwa. Malam Shiru shiru, yara shiru, ko tambaya ɗaya ban samu ba. Malama Binta, mai kula da zauren garin, ta rako ni bakin ƙofa ta ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. Amma da ka ɗan yi koyi da abokin tafiyarka, wataƙila da sun samu wurin sa baki."

Gwiwa

Bayan azahar na hau acaɓa, kwali a kan tanki, Malam Shiru a tsakanina da mai babur. Saura kaɗan mu shiga gari yashi ya kwashe mu. Na bugu a ƙugu, mai babur ya goge gwiwar hannu, shi kuwa Malam Shiru ƙafafunsa biyu suka cire daga gwiwa, ɗaya ta faɗa gonar gyaɗa. Mai babur ya tsinto ta yana cewa, "Ai ya ji sunan garin ne ya amsa."

Na ari filaya da waya wurin mai faci, na ɗaure ƙafafun cikin gaggawa don yara na jira. Ina yaye zani aji ya kwashe da dariya. Na ji daɗi, na ce lallai yaran Gwiwa sun fi na Roni son kimiyya. A gidan wani tsohon ɗalibina na sauka, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Maiɗakinsa ta aiko cewa ni in shiga ciki, amma ɗaya baƙon ya kwana a zaure.

Laraba, hanyar Babura

Ƙarfe shida na kama hanya. Na sake mota a Kazaure, na sake wata a Dambatta. Dab da Kanya Babba muka tarar da shingen jami'an tsaro. Wani jami'i ya leƙo ya ce, "Mene ne a zanin nan?"

Direba ya ce, "Malami ne, ranka ya daɗe."

Ya ɗaga zanin, ya ja da baya taku biyu, ya ce ina takardunsa. Na miƙa wasiƙar makaranta. Ya karanta, ya rage murya ya ce, "Malam, don Allah nuna mini inda ke yi mini ciwo in na daɗe a tsaye." Na nuna masa ƙasan gadon baya. Ya shafa nasa, ya ɗaga mana hannu.

Sha ɗaya da rabi muka sauka. Kafin in isa makaranta labari ya riga ni, wai wani malami ya zo da gawa a bas. Aji ya cika, tagogi sun cika, har da dattawan da suka baro kasuwa. Buhunan taki kuwa suna jere a baranda, Malam Isyaku na tsaye a kansu yana kaɗa makullai.

Na gyara murya ke nan wata yarinya 'yar Fulani mai suna Ramatu ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Wannan mutumin haka aka haife shi?"

Na ce, "Me kika gani?"

Ta ce, "Manyan yatsun ƙafarsa suna kallon waje."

Duk ajin aka sunkuya, kowa na duba ƙafarsa, har da ni. Ashe na dama na ɗaura a hagu, na hagu a dama. Nan na gane abin da yaran Gwiwa suka yi wa dariya. Na so in ce jarrabawa ce na yi musu, na ga girma ya fi ƙarfin wannan ƙaryar. Na ce, "Ni na yi kuskuren. Wa zai gyara?"

Ramatu ta ce mahaifinta maɗori ne, ga shi can a taga. Mahaifin nata, Baffa Jauro, ya shigo ya jingine sandarsa, ya kwance wayar a natse ya mai da kowace ƙafa mazauninta. Ya nuna wa yara siririn ƙashin ƙwauri ya ce ko da yatsu ba sa nan, wannan kullum ta waje yake zama. Wani yaro ya ce ba a taɓa koya musu haka ba, sai ya gani a rubuce. Aka yi ca a kan kwalina. Suka samo hoton, maganar Baffa ta fito daidai. Daga nan gardama ta koma kan wani shafi da ya ce jariri ya fi babba yawan ƙasusuwa. Rabin aji suka ƙi yarda, suka ce to sauran ina suke tafiya? Na koma gefe na zauna, ban sake magana ba sai in an tambaye ni.

Kiran azahar ne ya raba su. Kwalin ya koma fanko, masu jiran aro sun fi littattafan yawa. Malam Isyaku ya zare makullin ajin ya ba Ramatu, ya ce takin ya samu wuri a ofishinsa, ko da shi zai koma zama gindin darbejiya. Baffa ya ga ina ɗingishi, ya kwantar da ni a benci ya murza ƙuguna sai da na kira sunan mahaifiyata a gaban ɗalibai.

Gida

Ana kiran magariba na iso Kazaure, ina jan ƙafa, Malam Shiru a kafaɗa. Maƙwabcina ya dube mu ya ce, "Malam, a cikinku wa ya ɗauko wani?"

Na gode wa Allah da ya dawo da mu gaɓoɓinmu cikakku. Ina godiya ga direbobi da masu masaukina da Malama Binta, da Ramatu da ta duba abin da ban duba ba. Baffa Jauro kuwa Allah ya saka masa, don malamai biyu ya ɗora a wuni ɗaya.