Ruwan Farko na Mai Goyo

Akwai abin da ya same ni a gidan hayarmu na Funtuwa wanda har in koma ga Mahaliccina ba zai fita raina ba. Tun ina da cikin ɗana na fari nake tsoron ruwa, domin a ƙauyenmu, can wajen Maska, na ga yadda amai da gudawa suka ɗauke ɗan yayata kamar wasa. Shi ya sa da maigida ya samo mana ɗaki a gida mai famfo, na ce Alhamdu lillahi, na tsira.

Tsohon gida ne, an ce tun zamanin Turawan auduga. Ruwa ba kullum yake zuwa ba, wani lokaci sai an yi kwanaki ana jira. Ran da ya zo kuwa, kowace mace da bokitinta, ana ture-ture. Amma akwai wata dattijuwa mai ƙosai da muke kira Goggo, ita ta kafa doka cewa mai goyo ce farko.

"Ku ja baya, marasa kunya! Yarinya da ɗa a baya za ku bari a rana?" Sai ta fizgi bokitina ta tura ƙarƙashin famfo. Mata su yi dariya su ce, "Goggo, mu ma za mu ari ɗa mu goya." Ta ce, "Ke da kika kusa jika, ki goyi turmi."

Wannan ruwan na farko shi nake keɓe wa yarona. In tafasa shi har ya kusa ƙonewa, in dama masa koko, in cika masa kofinsa. Ni a ganina babu uwar da ta kai ni kula.

Bayan yaye sai yaro ya fara canzawa. Ba ya cin abinci, bayan gida sai da kuka, idonsa ya yi fari fat. Abin da ya fi tayar min da hankali, da yana cewa "Mama" da "Baba", sai ya daina. Aka ce haƙori ne, aka ce basir ne. Na jiƙa wannan, na shafa wancan, shiru.

A asibiti wata malama ta zaunar da ni tana ta tambaya. "Maigidanki yana haƙar zinariya? Yana fasa batirin mota? Kina sa wa yaron kwalli?" Na ce a'a, manomi ne, masara da auduga. Aka ɗebi jininsa aka aika. Da sakamako ya dawo ta ce gubar dalma ce a jikinsa.

Na ce, "Malama, wallahi tafasa ruwansa nake yi."

Ta ce, "Na yarda, ƙanwata. Wuta tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta fitar da dalma, sai ma ta ƙara taruwa in ruwan ya ƙafe. Ku je ku duba bututun gidanku. Ruwan da ya kwana a cikinsa shi ya fi ɗaukar ta."

Maigida ya tone gindin famfo da fartanya. Ga bututu ruwan toka, mai laushi. Ya karce shi da makulli kamar yadda aka gaya mana, wurin ya yi ƙyalli kamar azurfa. Ashe bututun dalma ne. Mata duk suna tsaye. Ni ban so Goggo ta gane ba, amma tsohuwa ba yarinya ba ce. Ta ajiye matsamin ƙosai ta zauna a ƙasa.

"Wato da hannuna nake ba jikana guba?"

Na durƙusa na riƙe ta. Na ce, "Goggo, ƙauna kika ba shi. Ni da ke ba wanda ya sani." Ranar ni na rarrashe ta.

Daga nan doka ta juye. In ruwa ya zo sai a bar shi ya zuba, na farko a yi wanki da shara da shi, na sha sai can baya. Yarona kuma daga rijiyar burtsatse ake ɗebo masa, har maza suka matsa wa mai gidan aka sa bututun roba. Aka ba shi magani, na dage da wake da zogale da nono kamar yadda malamar ta ce. Goggo kullum sai ta aiko masa da ƙosai mai zafi.

Yau yana firamare. Ya yi ƙiba, bakinsa ya buɗe, amma karatu sai an maimaita masa, kuma ban sani ba ko haka Allah ya yi shi, ko sauran illar dalmar ce. Wannan tambayar ita nake kwana da ita.

Na koyi cewa ruwa yana iya zama garau kuma da cuta a ciki. Don Allah, in tsohon gida kuke, a duba bututu. Kada a ba yaro ruwan da ya kwana a cikinsa. In kuma ɗanki ya yi shiru bayan ya fara magana, ki kai shi a auna jininsa, kada ki jira yadda na jira.