Makaɗin Ogan a Karantina

A shekarun da nake sayar da abinci a Karantina, can kudancin Jidda, mijina ya riga ya rasu, 'ya'yana kuma suna Kano wajen mahaifiyata. Ɗakina na langa-langa ne da falanki, a ƙofarsa na kafa rumfa na ajiye benci. Da safe shinkafa da wake, da yamma tuwo. Masu cin abincina leburori ne na tashar jiragen ruwa da sitocin da ke kewaye da ita, yawancinsu takari irina, waɗanda suka zo hajji ko umara suka zarce ba iƙama, wato takardar izinin zama. Ruwan kwata ba ya ƙafewa a lungunmu, hayaƙin matatar mai kuma kullum yana bisa kanmu. Mun saba da su.

A cikin leburorin akwai wani tsoho da kowa ke kira Baba. Dogo ne siriri, mutumin ƙasar Zazzau, yana shara a wani sito. Ba shi da yawan magana, kuma ba a riga shi sahun gaba a masallacin lungu. Abin da na fara lura da shi a jikinsa ƙafafunsa ne. In yana zaune yana jiran abinci ba sa tsayawa wuri ɗaya, yanzu diddige, an jima yatsu, ta hagu ta matsa can, ta dama ta biyo ta. Na ɗauka ciwon jijiya ne, har na taɓa ba shi man zafi ya shafa. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Ina da rikoda a rumfar, ina sa wa masu cin abinci wa'azi ko waƙoƙin gida. Wata rana bayan azahar, lokacin da rana ke kora kowa ɗaki, Baba ya zo shi kaɗai. Ya zaro kaset daga aljihu, a naɗe cikin hankici. Ya ce wani ɗan Filifin mai tuƙa motar ɗaga kaya a sitonsu ne ya ara masa, yana roƙon in bar shi ya saurara a rikodata in ba zai takura mini ba. Na ce ya sa.

Ban taɓa jin abu irinsa ba. Ya fara da wata murya siririya kamar sarewa, sai wata ta biyo ta tana maimaita abin da ta farko ta faɗa, sai wata kuma, suna bin juna ba mai taka ta gabanta. Can sai wani ruri ya taso daga ƙasa, irin na jirgin ruwa in zai bar tasha, har lasifikar rikodar ta kasa ɗauka ta fara ƙugi. Babu ganga, babu muryar mutum. Na ajiye ludayin da ke hannuna. Baba ya rufe ido, ƙafafunsa suna tafiya a ƙasa daidai da rurin nan.

Da kaset ɗin ya ƙare na tambaye shi mutum nawa ne ke wannan busa. Ya ce mutum ɗaya ne, kuma ba busawa yake ba. Sunan abin ogan. Girmansa ya kai ɗaki, bututai ne jere a jikin bango, wasu kamar yatsa, wasu sun fi rufin masallacinmu tsawo. Iska ake tura musu da zuga-zugi irin na maƙera, sai dai manya. Makaɗin yana zaune yana danna madannai da hannu biyu, ƙafafunsa kuma suna taka wasu dogayen katakai a ƙasa, su ne masu rurin.

Na ce, a ina ya san wannan duka? Yana naɗe hankicin ya ba ni labarinsa.

A gidan Kirista aka haife shi, Hausawa ne, iyayensa da kakanninsa na ƙauyen mishan. A makarantar mishan ya koyi ƙaramin ogan, da aka ga hannunsa sai aka tura shi Legas, babbar majami'ar da bishop yake zama. Can ya yi samartakarsa, da farko yana buɗe wa babban makaɗi shafin takardar kiɗa, daga baya shi ma aka fara bar masa kujerar. Ya yi aure a can. Sai ya musulunta ta hanyar wasu 'yan kasuwa da yake zama da su. Ban tambaye shi dalili ba, ya dai ce a nan zuciyarsa ta natsu. Matarsa ta kwashe 'ya'ya ta tafi, 'yan uwansa suka ce ba su ba shi. Da ya zo hajji ya ga babu wanda zai koma wa, sai ya zauna.

Daga nan duk Alhamis bayan azahar yana zuwa. In zan faɗi gaskiya, kiɗan bai taɓa yi mini daɗi irin na kalangu ba, labarin da ke biyo bayansa nake jira. Ya ce abin da ke cikin kaset ɗin ba ibada ba ce. Lokaci-lokaci da yamma, bayan an tashi daga addu'o'insu, akan buɗe majami'ar don sauraron kiɗa kawai. Babu huɗuba, babu waƙa. Mutane su shigo su cika kujerun majami'ar, har da waɗanda ba addinin suke bi ba. Makaɗi yana can sama a wani ɗan baranda, ya juya musu baya, ba wanda ke ganin fuskarsa. Mai tari ma danne shi yake. In aka buga sautin ƙarshe aka ɗauke hannu, kiɗan ba ya mutuwa nan take, sai ya tsaya yana yawo a cikin rufin ginin, kowa ya yi shiru yana jiransa ya gama, sannan a tafa. Ya ce wannan ɗan shirun ya fi komai tsaya masa a rai.

Wata Alhamis na tambaye shi kai tsaye, "Baba, kana da-na-sani ne?"

Ya ce, "A'a, 'yata. Addini na bari, kuma ban waiwaya ba. Wannan kuwa sana'a ce, ita kaɗai na taɓa iyawa a duniya."

Ba mu daɗe a haka ba. Baba yana kwana a ɗakin haya tare da wasu leburori, a cikinsu akwai wani magidanci da ya taɓa yin gadi a Legas. Wata rana magidancin ya dawo daga aiki da wuri, ya ratsa ta rumfata yana neman ragowar shinkafa, ya tarar da kaset ɗin yana ci. Ya tsaya ya saurara, ya dubi Baba, ya dubi ƙafafunsa, ya ce wannan ai kiɗan coci ne, ya san shi. Ya juya ko abincin bai karɓa ba.

Kafin Juma'a ta zagayo magana ta cika Karantina, kuma kowane baki da abin da ya ƙara mata. Aka ce Baba Kirista ne a ɓoye, da ƙarya ya shiga Makka. Aka ce akwai gicciye a cikin akwatinsa. Wasu suka ce turo shi aka yi. Wanda bai zauna can ba ba zai san nauyin irin wannan magana ba. Mu duka a tsorace muke rayuwa, kowa yana gudun abin da zai jawo idon hukuma lungunmu.

Limamin masallacin, wani dattijo mai sanyin hali, ya kira Baba gaban mutane bayan la'asar. Ina daga rumfata ina hango su, don masallacin ba shi da katanga sai rufi. Baba ya ba da labarinsa kamar yadda ya ba ni, bai ɓoye komai ba. Sai wani daga baya ya ce in da gaske ne ya yi kalmar shahada a ji. Tsoho mai furfura, wanda ya yi shekara da shekaru yana sallah a gabansu, ya miƙe tsaye ya yi. Liman ya ce halas, magana ta ƙare, mutumin nan Musulmi ne, duk wanda ya sake kafirta shi ya ji tsoron Allah. Ya kuma shawarci Baba ya rabu da kaset ɗin don a zauna lafiya. Washegari Baba ya mayar wa mai shi.

Maganar dai ba ta ƙare ba. Abokan ɗakinsa suka ce ba korarsa suke ba, amma ɗakin ya yi musu kaɗan. A masallaci sai ka ga an bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi. Ni ma ta shafe ni, masu cin abincina suka ragu, maƙwabciyata ta ja ni gefe ta ce mace mara miji ba ta da ƙarfin ɗaukar irin wannan. Ban ce wa Baba komai ba, amma ya gani da idonsa. Wata safiya ya zo da akwatinsa a hannu, ya ce ya sami wurin kwana a harabar sito, kusa da aiki, ya fi masa sauƙi. Ya sa mini albarka ya tafi.

Aka daɗe ban ji ɗuriyarsa ba. Sai wani ɗan Chadi mai gadin siton ya zo yana tambayar mai abinci, ya ce tsohon nan ba shi da lafiya, ni kaɗai ya ambata. Na rufe tukwane na bi shi.

A bayan sito na same shi, kwance a kan kwali cikin inuwar wata tsohuwar kwantena. Wari ne ya fara tarbata. Ƙusa ce ta katakon ɗora kaya ta huda masa tafin ƙafar dama, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da shara. Ashe yana da ciwon suga bai sani ba. Yatsun sun yi baƙi, kumburin ya haura idon sawu. Da ya gan ni ya jawo mayafi ya rufe ƙafar, ya fara tambayata ya ciniki.

Na rinƙa zuwa da abinci da ruwan gishiri ina wanke masa. Wani Basudane mai kantin magani ya yarda ya biyo ni bayan ya tashi aiki. Ya duba, ya ja ni gefe ya ce wannan ta wuce ƙwaya, sai an yanke, kuma in aka yi jinkiri ba ƙafar kaɗai za a rasa ba. Na je wajen liman. Ya yi sanarwar taimako a masallaci, wasu suka bayar, wasu suka sunkuyar da kai suka fita. Ni da mai gadin muka kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi a motar a-kori-kura. Suka ce aiki irin wannan ba nasu ba ne, babban asibiti kuma zai nemi iƙama da kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya masa. Muka dawo da shi bayan kwantena.

A hanyar dawowa ne ya ce a kai shi ƙarƙashin gada. Akwai wata gada a tsakiyar gari inda takarin da suka gaji suke taruwa su zauna, suna jiran a zo a kama su a mayar da su ƙasashensu. Ya ce in ya shiga hannun hukuma, ko dai su duba ƙafar ko su sa shi a jirgi, duk wanda aka yi ya fi wannan kwanciya.

Na ce, "Baba, in ka sauka a can wa zai karɓe ka?"

Ya ce, "Wanda ya karɓe ni a nan."

Mai gadin ya goya shi ya sa a mota. Ƙarƙashin gadar cike yake da mutane, mata da yara da tsofaffi, kowa ya shimfiɗa kwali ya tasa ƙunshin kayansa a gaba. Motoci suna wucewa bisa kanmu ba tsayawa, ƙarar ba ta barin a ji magana sai an matso. Muka samar masa gindin wani ginshiƙi. Ni kaina a tsorace nake, don ban shirya komawa gida ba, 'ya'yana da tukunyar nan suke ci. Nakan kawo abinci in ajiye, in zauna kaɗan ina waige-waige, in tashi. Masu kamen ba sa zuwa kullum, wani lokaci a daɗe ba a gan su ba. Zazzaɓi ya rufe Baba. Zuwan da na yi na ƙarshe bai gane ni ba, yana ta magana da Turanci da wani wanda ba na gani, wata tsohuwa 'yar Nijar tana kore masa ƙudaje da mafici.

Da na dawo washegari wurin fayau, sai kwalaye da takalma wari-wari. Wani mai sayar da shayi a gefen titi ya ce da sassafe manyan motoci suka zo suka kwashe su. Na kwatanta masa Baba. Ya ce ya ga wani tsoho da mutum biyu suka ɗauka suka shigar, amma ko yana motsi ko ba ya yi, bai lura ba. Na tsaya da kwanon abinci a hannu, daga baya na miƙa wa mai shayin na kama hanyar Karantina. Liman ya sa aka yi masa addu'a bayan magariba. Mutane suka ce amin, har da abokan ɗakinsa.

Na ƙara wasu shekaru a Jidda kafin nawa kamun ya zo. Duk wanda ya iso daga gida sai na tambaye shi, babu wanda ya ji labarin wani tsoho mai ciwon ƙafa. Bayan na dawo Kano, wani biki ya kai ni Zariya, na roƙi ɗan ƙanwata ya kai ni ƙauyen mishan ɗin da Baba ya ambata. Mutanen suka karɓe mu da mutunci, suka ba mu ruwa, suka kira wani dattijo da ya san tsofaffin gidaje. Na faɗa masa sunan Musulunci da na san Baba da shi, ya girgiza kai. Ya tambaye ni sunansa na yanka, wanda iyayensa suka raɗa masa, da sunan mahaifinsa. Ban san ko ɗaya ba. Dattijon ya ce yara da yawa sun tafi Legas a wancan zamani, wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Muka yi sallama, ɗan ƙanwata yana gaggawa kada mu rasa motar Kano.