Kitson Da Na Yi Wa Allon Tagulla

Jama'a, ku ara mini kunnuwanku kaɗan. Ni ban yi boko ba, ban san bihim ba, baki nake faɗa ana rubuta mini.

Shekarun baya, jikata ta dawo gida Unguwar Hajji daga makarantar koyon lantarki, fuska a murtuke. Aikin kammala karatu aka ba ta: ta haɗa na'urar da za ta riƙa kunna injin ban ruwa da kanta, ta kashe da kanta. In aikin bai tashi ba, sai ta maimaita shekara.

Da hantsi na same ta a kan tabarma, ta tasa wani ɗan baƙin abu a gaba, bai kai farcen babban yatsa ba, ƙafafu ta ko'ina. Na ɗauka kaska ce ta faɗo daga jikin saniya, har na ciro takalmi.

"Wayyo Inna, kar ki kashe ni! Ƙwaƙwalwar aikin ce fa!"

Ta bayyana mini. Ƙafa talatin da biyu gare ta, takwas kowane gefe, sirara kamar gashin ido, waya ba ta kama su. Dole a yi mata ɗan allo na tagulla, a ja wa kowace ƙafa layinta har zuwa ramin da waya za ta shiga, ramuka jere biyu, dama da hagu. Layi kuwa ba ya taɓa layi, ba ya tsallake ɗan'uwansa, in ba haka ba ƙwaƙwalwar ta ƙone. Allo biyu ta ɓata, saura ɗaya, kwana huɗu kuma ya rage.

Na leƙa zanen layukan a kwamfutarta. Ƙafafun dama da na hagu sun fita lafiya, na sama da na ƙasa sun cukurkuɗe.

Na ce, "Wace ƙazamar ce ta yi wannan kitson?"

Ubanta, wato ɗana, ya ce, "Inna, ki bar yarinya ta ji da abin da ya dame ta. Wannan ba harkarku ba ce."

"Kai rufe mini baki. Ina kitso tun kana goye."

Na zare tsinken kitso na zana mata a ƙasa. Na ce, "'Yar nan, makitsiya ba ta kokawa da gashi, kan take juyawa. Kin zaunar da abin nan daram, kina jan gashin goshi zuwa kunne. Karkata shi, kusurwa ɗaya ta dubi sama. Ki yi tsaga a tsakiya: gefe biyu su gangara dama, biyu hagu. Ki fara da na tsakiya, na baki su bi su a hankali, kowa da hanyarsa."

Ta ƙura wa zanen ido. Can ta ce, "Tsohuwa, sake zanawa."

"Yanzu na zama malama ke nan?"

Kafin la'asar layukan sun kwanta reras. Ta buga zanen a takarda, ta manna shi a kan tagullar da dutsen guga, ta tsoma a wani ruwan magani da ya cinye ko'ina ya bar layukan kaɗai. Ranar da ta kama ƙafafun da dalma, ko tari ban yi ba.

A lambun ubanta da ke Rogo Ruma aka gwada, gaban malaminta. Na tsaya nesa ina jan carbi. Aka jira, aka jira, ba motsi. Sai injin ya yi gyaran murya, ruwa ya kwararo cikin albasa. Malamin ya juya allon a hannu, ya tambayi wanda ya nuna mata karkata ƙwaƙwalwar. Ta nuno ni da hannu, a gaban maza. Na ja mayafi na rufe fuska, amma Allah ya sani, raina fes.

Abin da na gane, ilimin hannu ba ya tsayawa inda aka koye shi.

Jikata ta fita a shekarar, yau tana koyar da wasu wannan aikin a birni. Malamin, an ce ya yi ritaya. Ɗana kuwa, ko akuya zai saya sai ya zo ya ji ta bakina. Ni hannu ya soma rawa, na ajiye tsinke. Kitson da na yi wa mata duk an tsefe tuntuni, amma na tagullar nan yana can a lambu, kullum da safe yana ba albasa ruwa.